Neman kalma: me za mu kira "oliguriya" da Hausa?

Ma'aikacin jinya, Ƙofar Sauri, Katsina:
Jama'a, muna rubuta takardar wayar da kai kan amai da gudawa kafin damina ta kankama, sai muka cije a kan oliguriya. Babba in fitsarinsa bai kai mililita 400 a awa 24 ba, sunan abin ke nan a asibiti. Ledar fiya wata mililita 500 ce, to ko ita bai cika ba daga safiya zuwa wata safiyar. Ni "fitsari kaɗan-kaɗan" nake cewa.

Malamar makaranta, Daura:
Ɗana, in ka ce kaɗan-kaɗan, mai zaryar banɗaki za a ɗauka kana nufi, ya ɗan tsiyaya ya dawo. Ga ƙarancin jini kowa ya sani, me zai hana ƙarancin fitsari?

Dattijo, Rafin Daɗi:
Mu dai ɗaurewar fitsari muka tashi muna ji. Kuma ku sa bawali, ya fi ladabi.

Ma'aikacin jinya:
Allah ya ƙara girma, Baba, ɗaurewa daban take. Can mara ce ta cika tam, mutum na nishi, hanya ta toshe, ana sa roba sai ya zubo. Nan kuwa, ko da yake toshewa ma kan jawo shi, galibi mafitsarar ce babu kome ciki. Ka sa roba, jaka ta wuni a rataye da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ja-ja da shi. Ko dai jini bai isa ƙoda sosai, saboda gudawa ta zuƙe ruwan jiki ko an zubar da jini wajen haihuwa, ko kuma ƙodar kanta ta taɓu, kamar a zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. In aka yi sake, sai a kai ga wankin ƙoda.

Ungozoma, Ƙofar Ƙaura:
Baba, a yi haƙuri da bawalin. Matan da ke zuwa asibitin Babbar Ruga na Katsina, inda ake yi wa masu yoyo aiki, yoyon fitsari suke cewa, ba mai jin kunya. Ina bayan Malama. Wanda bai kai mililita 100 a rana ba kuma, mu ce masa ɗaukewar fitsari.

Malamar makaranta:
To ɗana, rubuta haka: "Ƙarancin fitsari alamar haɗari ce ga mai gudawa. In yaro ya wuni bai jiƙa zani ba, a garzaya da shi asibiti."