Wane fim ya kamata a nuna wa ɗalibai a kan Medgar Evers?

Malam Bala: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wane fim ya dace da 'yan sakandare a kan Medgar Evers, ɗan gwagwarmayar baƙaƙen fatar Amurka da aka harbe a 1963?

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam, Malam. Ka nemi For Us the Living, fim ɗin talabijin da tashar PBS ta nuna a 1983. Michael Schultz ne ya ba da umarni, Howard Rollins ya fito a matsayin Medgar, Irene Cara kuma matarsa Myrlie. Daga littafin Myrlie na 1967 aka ɗauko labarin, shi ya sa za ka ga mutumin da iyalinsa da aikinsa, ba gawarsa kawai ba. Tsawonsa kamar awa ɗaya da rabi.

Yakubu: Hajiya ta faɗi gaskiya, amma akwai giɓi babba. Lokacin da aka yi fim ɗin, makashin yana yawonsa. Sau biyu aka gurfanar da Byron De La Beckwith a 1964, masu taya alƙali yanke hukunci duk fararen fata, suka kasa cimma matsaya, alhali an sami zanen yatsansa a madubin saitin bindigar. Sai a 1994 aka yanke masa ɗaurin rai da rai, ya mutu a 2001. In ba ka faɗa musu wannan ba, yara za su tashi da zaton shari'ar ta bi ruwa.

Malam Bala: To Ghosts of Mississippi fa?

Yakubu: Na 1996 ne, na sinima. Shari'ar ƙarshe ya bi, kuma mai gabatar da ƙara ne tauraro. Medgar kusan ba ya ciki. Ya zo na biyu, kada ya zo na farko.

Anti Zulai: Malam, ka ware minti 15 kafin ka kunna. Ka bayyana musu cewa tun 1954 shi ne jami'in NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata, a jihar Misisipi, kuma kafin baƙar fata ya yi zaɓe sai ya biya haraji, a kuma sa shi bayyana ma'anar wani sashe na tsarin mulkin jihar, magatakarda ya kayar da shi in ya ga dama. In ba haka ba, ba za su gane me ya sa rajistar zaɓe ke jawo kisa ba. Ka haɗa da ranar: 12 ga Yuni, a ƙofar gidansa a Jackson, sa'o'i bayan jawabin Shugaba Kennedy a kan haƙƙin baƙaƙen fata.

Hajiya Rabi: Hoton na tsohuwar talabijin ne, kada a miƙe shi ya cika faffaɗan allo, fuskoki za su baje. Ka haɗa lasifika ta waje, don Turancin yana da nauyi a kunnen yara.

Malam Bala: Allah ya saka da alheri. Zan raba shi zama biyu.