Neman kalmar Hausa: me za mu kira "mukui"?

Jama'a, kalma guda ta Japananci nake nema wa gurbi a Hausa: mukui. A sunan kashin ƙarshe na wani wasan talabijin na Japan ta fito, kuma na riga na tambayi mutane, wasu sun kawo shawarwari. Amma sai na faɗi inda ta fito tukuna, in ba haka ba kowa zai jefo wadda ta fi kusa da bakinsa ne. Wanda bai kalli wasan ba kuma yana da niyya, ya tsaya a nan, don zan fasa ƙwai.

Tashar NHK ta Japan tana da shirin tarihi mai dogon zango da take yi tun 1963, galibi labari guda a shekara, duk daren Lahadi. Na 2022 shi ne Kamakura-dono no 13-nin, wato mutum 13 na Ubangidan Kamakura, wanda Mitani Koki ya rubuta. Kashi 48 ne. Na ƙarshen, wanda aka nuna ranar 18 ga Disamba 2022, sunansa Mukui no Toki. Toki lokaci ne, wannan babu gardama. Mukui ce ta tsaya mana a wuya.

Labarin na Hojo Yoshitoki ne, wanda Oguri Shun ya fito a matsayinsa. Ya fara yana saurayi mai sanyin hali, ɗan wani ƙaramin basarake a yankin Izu. Yayarsa Masako ta auri Minamoto no Yoritomo, wanda ya kafa gwamnatin mayaƙa a Kamakura. Da Yoritomo ya rasu a 1199 sai manyan fada suka shiga kawar da juna, yau wannan gobe wancan, har ya zamana Yoshitoki ne ya rage a tsaye, hannunsa kuwa duk jini. A 1221 rundunar Kamakura ta ci Kyoto, birnin sarkin Japan, da yaƙi, aka kai tsohon sarki Go-Toba zaman dole a tsibirin Oki.

To, a mintunan ƙarshe na wasan, Yoshitoki ba shi da lafiya, matarsa ta daɗe tana sa masa guba. Masako, wadda Koike Eiko ta fito a matsayinta, ta zo duba shi. Suna hira sai ya hau lissafa waɗanda suka halaka tun bayan rasuwar Yoritomo, suka cika 13. A cikinsu ya ambaci Yoriie, ɗan Masako na cikinta. Ita kuwa shekara ashirin ke nan ana ce mata ciwo ne ya kashe shi a Shuzenji a 1204. Bakinsa ne ya suɓuce. Ba ta yi kururuwa ba, ba ta zage shi ba, ta dai nuna masa cewa maƙaryaci ya kamata ya riƙa tuna ƙaryarsa. Daga nan ya ce mata akwai sauran aiki a gabansa: yaron da aka sauke daga karagar mulki a Kyoto, jikan Go-Toba, shi ma sai an kawar da shi. Ciwon ya taso masa, ya roƙe ta ta miƙo masa maganinsa. Ta ɗauko, ta tsiyaye shi a ƙasa. Ya rarrafo zai lashe, ta goge da hannun rigarta. Ya cika a gabanta, ta yi masa sannu da aiki da sunansa na gida, Koshiro. Allo ya yi baƙi, sunaye suna wucewa, ba a jin komai sai kukanta.

Ga masu son tarihi: Yoshitoki ya mutu a 1224, littafin tarihin Kamakura ya ce ciwo ne, jita-jitar gubar matarsa kuma tana cikin kundin da mawaƙi Fujiwara no Teika ya bari. Zubar da maganin dai ƙagen marubuci ne.

Masu kallo a Japan sun kwana suna muhawara a Twitter. Wasu suka ce uwa ce ta rama wa ɗanta, ba wani kwana-kwana. Wasu suka ce a'a, ai ba ta zubar da maganin ba lokacin da ta ji batun Yoriie, sai da ta ji zai sake kashe wani yaron. Tausayi ne, in ji su, ta tare ƙaninta ne kada ya ƙara wa kansa zunubi. Ni ina ganin duka biyun suna cikin hannun rigar nan, kuma marubucin da gangan ya ƙi raba gardamar. Shi ya sa kalmar da za mu zaɓa take da nauyi. Idan muka yi garaje, mu ne za mu yanke hukuncin da shi mai labarin ya ƙi yankewa.

Ita mukui asalinta mayarwa ce, abin da ya dawo wa mutum saboda abin da ya aikata. Tana iya zama ta alheri, amma a bakin mutane ta fi karkata ga mummuna. Harafin da ake rubuta ta da shi yana cikin kalmarsu ta ramuwa, yana cikin ta ladan aiki, yana kuma cikin ta rama alheri. Akwai ƙamshin addinin Buddha a jikinta, inda aiki da kansa yake haifar da abin da zai biyo shi.

Shawara ta farko da ta shigo ita ce "fansa", wani kuma ya ce "ramuwa". Ɗan'uwa, na gode, amma waɗannan su ne tarkon da nake gudu. Fansa sai da mai ɗaukarta. Da ka ce Lokacin Fansa, ka nuna Masako da yatsa, ka kori rabin masu kallo daga ɗakin.

"Sakamako" ba ta yi ƙarya ba, amma jarrabawa da zaɓe da ƙwallo sun tsotse mata jini. Lokacin Sakamako sai ka ɗauka hukumar zaɓe ce za ta yi magana. "Hukunci" na bukatar alƙali. "Hisabi" ta tsallaka lahira, alhali abin nan a kan daɓen ɗaki ya faru.

Wata Hajiya ta kawo "alhaki", ta haɗa da karin maganar da kowa ya sani: alhaki kuikuyo ne, mai shi yake bi. Hajiya, wannan ta zaunar da ni. Duba yadda ta dace. Alhaki ba ya jiran wani ya aiko shi, da ƙafarsa yake zuwa, kuma wanda ya yi laifin yake nema, kamar dai yadda mukui take sauka kan mai aikin. Babu wanda ya bankaɗo asirin Yoriie, Yoshitoki ne da bakinsa ya lissafa gawawwakinsa. Bahaushe da ya ga wannan wurin, abin da zai fara fita daga bakinsa shi ne alhakin mutane ne ya kama shi.

Matsalata da ita biyu ce. Ta farko, Hausar labarai ta ba alhaki aiki na biyu: ƙungiya kaza ta ɗauki alhakin hari, an ɗora wa wane alhaki. Idan ka rubuta Lokacin Alhaki tsurarsa, mai karatu zai tsaya yana tambaya, alhakin me, a wuyan wa? Kalmar tana son aikatau a gefenta kafin ta tashi. Ta biyu, alhaki ba shi da fuskar alheri ko kaɗan. Ita kuwa wannan mutuwar, in ka bi masu kallo na ɓangare na biyu, akwai sauƙi a cikinta. An sauke wa mutum kayan da ya kasa saukewa da kansa, yayarsa ta yi masa sannu, mulki kuma zai koma hannun ɗansa Yasutoki, wanda a 1232 ya fitar da kundin dokokin da mayaƙan Japan suka daɗe suna aiki da shi.

Wannan ne ya kai ni ga "sakayya". Tushenta saka, kuma saka tana tafiya ta hanya biyu: Allah ya saka da alheri, Allah ya saka mini. Ba ta ambaci hannun da ya aiwatar ba. Tana da nauyin da za ta tsaya ita kaɗai a matsayin suna.

Wani Malam ya ja ni a nan, kuma jansa na kan hanya. Ya ce a kunnen Bahaushe sakayya ta wanda aka zalunta ce, shi ake yi wa ita, kuma Allah ne mai yi, alhali su masu labarin ba haka suka ɗauki abin ba. Allah ya gafarta Malam, gaskiya ne kalmar tamu ta taho da aƙidarmu a cikinta, kamar yadda tasu ta taho da tasu. Babu kalmar Hausa a wannan fagen da za ka samu babu wannan. Amma batun ɓangare, ai muna cewa sakayya ta sauka a kan azzalumi, kowa kuma ya gane. Sannan a ɗakin nan mutum biyu ne, ba ɗaya ba. Masako an zalunce ta, amma ita ma da ita aka gina wannan mulkin, kuma 'ya'yanta huɗu duk sun riga ta mutuwa: Ohime, Sanman, Yoriie da Sanetomo, wanda ɗan Yoriie ya sare a 1219. Ita da kanta shekara guda kawai ta ƙara bayan ƙaninta, ta rasu a 1225. Kalmar da za ta iya kallon wanda aka yi wa da wanda ya yi a lokaci guda ita ake bukata, alhaki kuwa mutum ɗaya yake bi.

Masu cewa a bar ta "karma" tunda yara sun saba da ita a intanet, ban karɓa ba. Aro ake yi wa abin da babu.

Ga inda na tsaya. Idan mukui ta zo a matsayin suna ita kaɗai, sakayya. Sunan kashi na 48 ya zama Lokacin Sakayya. Wanda ya fi son Ranar Sakayya don daɗin faɗi, ba zan yi faɗa da shi ba. Idan kuma ta zo cikin jimla, ana cewa wane ya gamu da mukui ɗinsa kan mugun aiki, a ce alhaki ya kama shi. Hajiya ta samu jimla, ni na samu suna.

Saura muƙamin Yoshitoki kansa, shikken, mai riƙe da mulki a madadin shugaban mayaƙa. An ba ni waziri, an ba ni muƙaddas. Waziri ya yi masa kaɗan, don shi ne mai naɗawa da saukewa, muƙaddas kuma na ɗan lokaci ne, alhali gidan Hojo sun riƙe kujerar har 1333. Masana sarauta, ku shigo.