Ɓari uku a jere, an ce wai jininmu ne bai haɗu ba

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a sakaya sunana. Ina zaune a Ƙofar Marusa a Katsina, shekarata 27. Sau uku ina samun ciki, da ya kai wata biyu da 'yan kwanaki sai jini ya ɓalle. Na ƙarshen sai da aka yi min wankin ciki. Maigidana ɗan goggona ne, kuma Goggon da ta haɗa auren ita ce yanzu ke cewa jininmu bai haɗu ba. Wasu kuma sun ce iska ce. Ni AS ce, shi AA. Abin nan gado ne? Na gaji da kuka a ɓoye.

Maman 'yan biyu: Allah Ya mayar miki da alheri, Ya sa masu ceto ne. Na ji zafin nan sau ɗaya, har yau ban manta ba.

Anti Nas: Ƙanwata, cire AS ɗin nan daga ranki, ba ya jawo ɓari. Kowane ɗan Adam yana da kuromosom 46, wato ƙunshin ƙwayoyin gado, 23 daga uwa, 23 daga uba. Kusan rabin ɓarin da ake yi a wata ukun farko, lissafin nan ne ke rikicewa tun ranar da cikin ya shiga, a samu ƙari ko ragi, sai ya kasa girma. Ba ɗaukar bokiti ba ne, ba hawa keke Napep ba ne.

Amma idan ya maimaitu, a cikin ma'aurata 100 masu irin matsalarku ana samun 2 zuwa 5 da ɗayansu ke ɗauke da kuromosom biyu da suka yi musayar gutsure. Mutum lafiyarsa ƙalau, bai san yana da shi ba, sai wajen rabawa ɗan tayi. Mijin ma yana iya zama mai shi, kuma ana samunsa ko a auren bare, don haka kada a ɗora wa zumunci kai tsaye. Jinin ku biyun ake aunawa. Masu shi ma da yawa suna haihuwa lafiya. Je ki ga likitan mata a Asibitin Koyarwa na Tarayya ko na Turai Yar'adua, su za su faɗa miki inda ake gwajin.

Hajiya daga Daura: 'Yata, ni huɗu na yi. Ashe jinina ne ke saurin daskarewa. Sau biyu aka auna, tsakani mako 12, kafin a tabbatar. Da ƙaramin asfirin da allurar hefarin na haifi yarana uku. Kada dai ki saya a kemis da kanki. Ki ce a duba miki suga da maƙoƙo da siffar mahaifa, ki kuma riƙa kwana cikin gidan sauro, zazzaɓin cizon sauro ma yana zubar da ciki.

Mai tambaya: Na gode, wallahi yau na samu sauƙi a zuciyata. Sai dai maigidan ba ya son zancen asibiti, cewa yake shi lafiyarsa lau.

Hajiya daga Daura: Kada ki ce masa gwaji. Ki ce ya raka ki, likita na son ganin ku tare. Ki tafi da katinki da duk hoton cikin da aka taɓa yi miki.