Kambu a kan hijabi: ku zo mu yi ta da baiti

Maman Ilham:
Salam 'yan uwa, yau tsohon zance zan tono, sharaɗi ɗaya ne duk mai amsa da baiti zai amsa kuma banda zagi dan Allah.

A 2021 Legas ta ɗau hotonta,
Shatu Garko, sha takwas ne shekarunta,
Hijabi na kanta aka ɗora kambunta,
Miss Najeriya, miliyan goma ladanta,
Hisba ta ce a kirawo mana iyayenta,
Ni dai ku faɗa min, mene ne laifinta?

Malam Sani Gwammaja:
Hajiya kin tambaya, amsa ba zan ɓoye ba,
Ba ƙyallen ka kaɗai ake kira kunya ba,
Ta yi taku gaban alƙalai, ido bai ƙifta ba,
Maki ake ba wa rangwaɗa, ba karatu ba,
In za a auna kyau a sikeli, hijabi bai hana ba,
Kuma Kaduna 2002 mu dai ba mu manta ba.

Yara na yanzu basu sani ba, Miss World aka kawo ƙasar nan, rubutun wata jarida ya taɓa Manzon Allah (SAW) gari ya kama da wuta, sama da mutum 200 suka rasu aka kwashe gasar zuwa Landan.

Hadiza Damagaram:
Allah jiƙan waɗanda suka rasu. Amma Malam mu leƙa filin ƙwallo kaga yanda aka wahalar da masu son su rufe ɗin ma.

A 2007 FIFA ta ce su cire ɗankwalinsu,
'Yan matan Iran a 2011 an hana su wasansu,
Da Jodan za su kara, aka miƙa wa Jodan makinsu,
Sai 2014 aka janye, bayan an ci zalinsu,
Benzina 'yar Maroko ta share hawayensu,
Kofin duniya da hijabi, tana tsaron bayansu.

Wai hujjar itace kar ƙyallen ya shaƙe musu wuya, shekara bakwai ana binciken ƙyalle fa jama'a.

Abba Fagge:
Hhhh Anti Hadiza wlh kin tuna min da na Turai, ku ji wannan.

Nowe fa ba ruwansu da zancen addini,
'Yan ƙwallon hannun yashi suka gaji da bikini,
Suka sa gajeren wando don su samu sukuni,
Aka ci su tarar yuro 1,500, kun ji raini,
Maza na nasu wandon ba mai neman bayani,
Sai da duniya ta yi ca aka sauya tunani.

2021 ne shima, kuma shekarar nan ce 'yan wasan alkafura na Jamus suka fito a gasar Olamfik ta Tokyo da kaya har idon sawu suka ce su dai haka sukafi sakewa, kaga ashe ba 'yan matanmu kaɗai kallon yake damu ba.

Malam Sani Gwammaja:
Gudu da ƙwallo ban ja ba, wannan gaskiya,
Sifan Hassan a Olamfik ɗin Faris ta karɓi zinaren gudu gaban duniya,
Da hijabinta, gumi ya ba ta, ba kwalliya,
Amma ku tambayi Halima Aden 'yar asalin Somaliya,
Da hijabi ta shiga tallan kaya ta zama sarauniya,
A 2020 ta ajiye, ta juya musu baya.

Ita da bakinta tace hijabin nata kullum ƙara ƙanƙancewa yake a wajen ɗaukar hoto har akwai ranar da wandon jins aka ɗora mata a ka, toh ni wannan kasuwar nake tsoro ba fili ba.

Maman Ilham:
Malam ka ambaci Faris, tsaya in maka tunawa,
A gasar nan Faransa 'ya'yanta ta hana sawa,
Baƙuwa ta zo da hijabi, 'yar gida sai cirewa,
Sounkamba Sylla da hula ta shiga bikin buɗewa,
Can a ce mata rage, nan a ce ƙara rufewa,
Masu yanke hukuncin ba su ke sa kayan ba kuwa.

Inna Ta Ƙofar Mata:
Jikata ce ke rubuta min, ku yaran nan kuna magana kamar kunyar tsaye take wuri ɗaya tun kaka da kakanni.

Mu da muka yi gaɗa da dare a dandali,
Zane ɗaurin ƙirji, sai kwalli da ɗankwali,
Ba wanda ya ce ba mu da kunya ko hankali,
Hijabi har ƙasa a idonmu ya zo, ba shi ne na asali,
Yau ni ke wa jikata faɗa in ta fita da ɗan gyale a hali,
Ita kuma ta ga hotona na da, ta ce Inna wannan wane hali?

Malam Sani Gwammaja:
Allah ja kwana Inna, ba na ja da ke.

Inna abin da kuka yi a da ba a ce laifi ba,
Ilimi ne ya ƙaru, ba ku aka raina ba,
Kuma dandalinku ba a haska shi a waya ba,
Ba kamfanin da ya sayar da sabulu da rawarku ba.

Hadiza Damagaram:
Toh Malam tunda kace gudu baka ja ba bari in kama ka da bakinka, kar ka gudu kace lokacin sallah yayi.

In 'yarka ta zo ta ce Baba ina da gudu,
Na wuce duk 'yan aji, a yau na tsere wa huɗu,
Ga dogon wando da hijabi, ba abin da zai ruɗu,
Koci ya ce a kai ta gasa can ƙasar kudu,
Za ka sa hannu a takardar, ko sai dangi sun haɗu?