Masu taswira sun zo Dixcove: a nuna musu wurin kamun ko a ɓoye?

Mai Bandar Kifi, Takoradi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Sana'ata sarin bandar kifi ce, ina ɗauka daga Dixcove da Akwidaa, garuruwan masunta a gaɓar tekun Ghana, in aika Kumasi da Tamale. Akwai wani Bafante mai kwalekwale da nake ba kuɗin mai, in ya dawo ya biya ni da kifi. Ya ce min an zo musu da taswirar teku ana tambayar kowa inda yake zuba koma, a wane wata, wane irin kifi, kuma tafiyar awa nawa ce daga gaɓa. Duk saboda yankin tekun Cape Three Points da gwamnati ta amince a 2025 a keɓe don kare kifi da sauran halittun ruwa, wajen murabba'in kilomita 700. Shi dai wani wuri daban ya nuna musu, wai mahaukaci ne kaɗai zai nuna wa hukuma inda tukunyarsa take. Ni kuma jarina na cikin kwalekwalen nan. Ya yi daidai kuwa?

Ɗan Zangon Tema:
Wa alaikumus salam Alhaji. Bai yi daidai ba, kansa ya cuta. Manyan jiragen jan taru suna ɗauke da na'urar da ke nuna inda suke ta tauraron ɗan'adam, hukuma na da hanyar ganin sawunsu. Kwalekwalen katako ba shi da ita. In mai shi bai faɗa da bakinsa ba, a taswira wurin zai fito kamar ba kowa. To in an zo zaɓen inda za a hana kamu gaba ɗaya, ina za a fara? Inda aka ga rufewar ba za ta taɓa kowa ba mana. Ka ga da hannunsa ya miƙa wurin nasa.
Kuma keɓe yanki ba yana nufin rufe shi duka ba. Akan raba shi ne: inda kifi ke ƙwai a bar shi, wani ɓangaren a yarda da ƙugiya da koma, a hana jan taru a ƙasan teku. Amsoshin masunta na cikin abin da ake jan layin da shi.

Hajiyar Elmina:
Ɗana na Tema, maganarka ta makaranta ce, kuma gaskiya ce. Amma kada ka ga laifin mutumin. Tun da aka fara haƙo mai a rijiyoyin Jubilee da ke cikin teku a 2010 aka hana su kusantar jirgin mai da mita 500, ga kifi na taruwa a ƙarƙashin fitilunsa suna kallo. Shekara da shekaru nan Elmina muna ganin saiko, manyan jirage su kwashe ƙananan kifi su daskarar, su sayar wa kwalekwale a tsakiyar teku, har Tarayyar Turai ta sake ba Ghana katin gargaɗi a 2021. Amane, kifin sadin ɗin nan da muke cika kwanduna da shi a watan Agusta yau ina yake? Talaka aka fi sa wa ido, shi ya sa in ya ga takarda yake tsuke baki.

Mai Bandar Kifi, Takoradi:
Hajiya, kin faɗi abin da ke ransa. Sai dai sabuwar dokar kamun kifi ta 2025 ta ture manyan jiragen daga mil 6 zuwa mil 12 daga gaɓa, in an bi ta wannan ribar masu kwalekwale ce. Abin da ya fi ci min rai shi ne ba wanda ya tambaye mu, mu da matan da ke banda. In an rufe wurin, murhunsu ne zai fara mutuwa, sannan motar da nake lodi.

Ɗan Zangon Tema:
To Alhaji, kada ka jira a zo maka. Ku samu sarkin masuntan Dixcove ranar Talata, tunda ba a fita teku, ku nemi a sa masu banda da 'yan sari cikin waɗanda za a ji ta bakinsu. Shi kuma mutuminka ba dole ne ya nuna daidai dutsen da yake kamu a kai ba, ya zagaye yankin da faɗi ya isa. Ya dai tambaya tukuna wa zai ga taswirar, kuma ko za a haɗa amsoshin kowa wuri ɗaya ba tare da suna ba.