Wai an yafe wa talaka haraji, to wannan tikitin na mene ne?

Ɗan Albasa, Mile 12:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 11 ina kasa albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas, ba ni da shago, buhu ne da 'yar rumfar leda. Jiya da daddare ƙanina ya nuna mini a waya cewa dokar harajin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, ta yafe wa duk wanda samunsa na shekara bai wuce naira 800,000 ba. Ya ce, "Yaya, ka ga an tausaya muku." Na yi dariya har na sarƙe da shayi.

Bari in ba ku labarin safiyata. Kafin in kwance bakin buhu akwai tikitin wuri. Akwai na shara, sharar kuma tana nan gabana tana hararata. Mai baron da zai turo mini kaya daga bakin mota, shi ma an yanka masa nasa, ya ɗora a kaina. Direban da ya taso da albasar daga Aliero ya ce ya daina ƙirga shingayen da yake miƙa hannu a hanya, wannan ma yana cikin kuɗin buhun. Duk fa ban sayar da ko ƙwaya ɗaya ba. Ranar da ruwa ya kwana yana zuba rabin kayan ya ruɓe, mai tikiti zai zo a kan lokacinsa, bai taɓa makara ba.

An ce mini shi mai kamfani sai ƙarshen shekara, ya cire kuɗin haya da albashin yara da man janareta, abin da ya saura riba shi ake yanka wa haraji. Ni kuma a kan uwar kuɗi ake yankata, kullum. Masu ilimin abin, don Allah, haka ne? In haka ne, tsakanina da shi wa aka tausaya wa?

Akawu, Ikeja:

Wa alaikumus salam. Ƙaninka bai yi ƙarya ba. Naira 800,000 na farko babu haraji a kai, daga nan a fara da kashi 15 cikin ɗari, ya riƙa hawa har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50 a shekara. A takarda, mai ƙarfi ne ya fi ɗauka. Abin da kake biya kuma yawancinsa ba ya cikin wannan doka, kuɗin ƙaramar hukuma ne da na ƙungiyoyi, wani ma babu wanda zai nuna maka asusun da yake shiga.

Amma zan ɗan sosa maka inda ba ka so. Ni nawa ana cire shi tun kafin albashi ya faɗo waya, ba ni da wurin ɓuya. A kasuwarku kuwa akwai dilolin da ke sauke tirela biyu uku a mako, da tsabar kuɗi, babu littafi, babu lambar haraji. Tikitin da suke biya bai fi naka da wani abin kirki ba. Mai kuɗin da ke zillewa ba a Ikoyi, unguwar manya, kaɗai yake ba, wani tare kuke sahun Azahar.

Maman Ilham, Idi-Araba:

Ni tuwo nake sayarwa. Malam Akawu, ka manta da naira 50 ɗin nan da ake cirewa in kuɗin da aka tura ya kai 10,000. Wanda ya tura miliyan goma, 50. Ni da na tura wa mai shinkafa dubu goma sha biyu, 50. Katin waya kuma VAT ɗin da ke kansa, wato harajin sayen kaya, kashi 7.5 ne, da ni da mai gida a Banana Island duk ɗaya. Shi bai ma san an cire ba, ni kuwa kuɗin maggi ne.

Baba na Agege:

Ɗana, maganarka ta tuna mini da da. Ina saurayi a ƙauyenmu, ana bin gida gida ana karɓar harajin kai, Fulani kuma jangali, kowace saniya da kuɗinta, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Na ga dattijo ya sayar da akuyar matarsa don kada a zaunar da shi a rana ƙofar dagaci. Wannan ne Malam Aminu Kano da mutanensa suka yi ta faɗa a kai, har Abubakar Rimi ya hau gwamnan Kano a 1979 ya soke su, Balarabe Musa ma ya yi haka a Kaduna. Tikitin naku jikan wancan ne, riga kawai ya sauya. Ka dubi zakka: sai dukiya ta kai nisabi, ta shekara a hannunka, sannan a fitar da ɗaya cikin arba'in. Wanda bai kai ba, shi ake ba.

Sai dai kai ma ka riƙa neman rasit. Mu 'yan Arewa a nan muna da saurin miƙawa don gudun fitina, shi ya sa ake ninka mana.

Ɗan Albasa, Mile 12:

Baba, Allah ya ƙara girma. Na taɓa neman rasit sau ɗaya, shekara biyu da suka wuce. Ranar buhuna ya kwana a ofishinsu, na karɓo shi da ninkin kuɗin. Malam Akawu, zancen diloli gaskiya ne, har uban gidana yana ciki, ba zan kama suna ba tunda a hannunsa nake ɗaukar kaya bashi. Daga gobe zan fara rubuta duk tikitin da na biya a bayan littafin bashina. In wata ya cika zan turo maka, ka lissafa mini ko kashi nawa ne cikin ɗari na abin da nake kaiwa gida, mu gwada da naka.