Shawarwarin masu zuwa kallon rangadin haɗin gwiwa

Shawarwarin nan sun fito ne a wata hira tsakanin masu zuwa kallon kiɗa, wadda ta taso daga rangadin waƙa da mawaƙiya Kelly Clarkson, wadda ta lashe gasar waƙa ta American Idol a 2002, ta yi tare da ƙungiyar mawaƙa The Fray ta birnin Denver a bazarar 2012 a Amurka. Abin da aka fi nanatawa shi ne a binciki wanda zai fara hawa dandamali. A irin wannan haɗaka raba lokaci ake yi, kowane ɓangare ya rage waƙoƙinsa, don haka mai makara zai iya tarar da gwaninsa ya riga ya sauka.

Kan wurin zama kuwa an ja daga. Wasu sun ce filin ciyawa da ke bayan kujerun ƴan kallo ya fi araha, ka shimfiɗa bargonka ka miƙe ƙafa. Wasu suka ce daga can mawaƙiyar ba ta fi ɗan yatsa ba, sai dai ka kalli majigi. Ni dai na fi karkata ga masu ciyawar, muddin babu hadari a sama.

An kuma ce a duba dokar shiga da ruwan sha tun daga gida, a sa wa yara abin toshe kunne saboda ƙarar ganguna.